Hannun Yaya a Gefen Allo

Har yau in na tuna hannun yayana a ɗakin nan sai raina ya ɓaci.

Mahaifinmu yana sayar da hula zanna a Kasuwar Litinin. Da ya fara tuntuɓe da dakalin ƙofar gida, yana miƙa wa mai saye shuɗiya a maimakon baƙa, sai na matsa a duba idonsa. Da ƙyar ya yarda, shi ma don wurin yana kusa da mu a unguwar Moduganari. Ƙaramin asibiti ne, ni da Yaya muka raka shi. Likitar auna ido tana wani gari mai nisa, ta kwamfuta take ganin mara lafiya, tana magana yana amsawa. Ma'aikacin wurin ya zaunar da Baba, ya daidaita kyamara a fuskarsa, ya fita wajen masu jira.

A bango akwai allo mai layi-layin alamomi kamar yatsu uku, wata ta kalli sama, wata ƙasa, wata gefe. Likitar ta ce ya nuna da hannu inda kowace ta kalla. In bai gani ba, za ta tura shi babban asibiti a gwada ƙarfin ruwan idon. Abin da Baba ke gudu ke nan, don a wurinsa babban asibiti wuƙa ce.

Layin farko ya wuce. A na biyu ya kasa nunawa. Sai Yaya ya lallaɓa ya tsaya gefen allon, inda kyamara ba ta kaiwa, ya ɗaga hannu yana karkata shi. Baba bai ga alamar ba, amma ya ga ƙaton hannu yana motsi. Ya bi shi tiryan-tiryan har layin ƙasa, wanda ni mai ido lafiya sai na ƙanƙance nawa.

"Ma sha Allah, Baba, idonka ya fi nawa," in ji likitar. Amma na ji shakka a muryarta.

Na kasa haƙuri. Na ce, "Likita, nuna masa ake yi."

Yaya ya harare ni. "Ke, rufe mana baki! Za ki kunyata shi a gaban baƙuwa?"

Likitar ta roƙa a juya kyamarar ta ga ɗakin, a sake gwajin. Baba ya miƙe yana kakkaɓe riga. Ya ce 'yar cikinsa ta kira shi makaho, ba zai ƙara zama a kujerar ba. Bai ƙara ba kuwa. Likitar, baiwar Allah, ta yi ta kiran wayata, tana cewa ciwon da take zargi ba ya zafi, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. In na kai wa Baba wayar sai ya juya baya.

Yanzu haske kawai yake bambancewa da duhu. Abin da ya fi ƙona mini rai, Yaya na gaya wa masu zuwa gaisuwa wai likitar kwamfuta ce ta ce idon lafiya lau. Ko kunya ba ya ji.

Ranar sunan ɗan Yaya aka sa wa Baba jaririn a cinya. Ya shafa goshinsa, ya shafa hancin, ya daɗe. Can ya juyo wajen da ya ji muryata, a hankali ya ce, "Da wa ya yi kama?"

Yaya na tsaye a bakin ƙofa. Na ce, "Tambayi Yaya, Baba. Shi ke gani maka."