Katifar da Ta Fi Ni Yawo

Shekarar da na fara zuwa cin rani Ikko, abokaina suka dawo da rediyo da agogo, ni kuwa na dawo da katifar soso. Tun ina yaro gadon kara ke zana min layi a baya, ga buhun ciyawa da kuɗin cizo suka mayar gidansu. Na rantse ba zan sake yin damina a kansa ba. A hanyar dawowa, a Birnin Konni ma, sai da wani ɗan duwan, wato ɗan kwastan, ya zauna a kan katifar, ya lotsa ta sau uku yana murmushi, kafin ya ce in wuce.

Na iso ƙauyenmu kusa da Tajaye da la'asar. Ban ko kwance igiyar ba baffana ya shigo. Ya danna da yatsa, ya ga wurin ya ciko, ya ce, "Ɗana, gobe likita mai allurar lamba na tahowa, kuma wajena za ya sabka. Ka san ba a shimhiɗa ma baƙon gwamnati kara." Wa zai ce wa ƙanen ubansa a'a? Ni na kai masa ita har gida.

Daga nan katifa ta san hanya. Likita ya tafi, malami mai wa'azi ya zo. Malam ya tafi, aka yi haihuwa a maƙwabta. A wurinmu abin aro ba ya komawa gidan mai shi, daga hannun mai aro ake sake aronsa, kai sai dai a aiko maka da godiya. Godiya kam na sha ta. In dawo daga gona baya kamar an daka, in miƙe a kan kara, ina jin labarin taushinta a bakin mutane. Wani tsoho har shawara ya ba ni in nemi irinta. Abin ya ci min rai ƙwarai, amma ina buɗe baki za a ce ɗan Ikko ya koyo rowa.

Bayan girbi, saura 'yan kwanaki in koma cin rani, na je Malbaza gaida surukina. Aka kai ni ɗakin baƙi. Ina ɗaga labule na gan ta: ta yi dauɗa, ta rame a tsakiya, amma shuɗiyar rigar da na ɗinka mata tana nan. Saura kaɗan in rungume ta.

Surukina ya tsaya daga waje, ya rage murya. "Don darajarka munka aro ta, tun daga Illela. Amma ka kwanta sannu, kak ka yi ta juyi. An ce mai ita wani yaro na mai ƙorahi, kullum cigiya shikai."

Kunya ta kama ni. Na ce, "To, Baba." Na kwanta a gefe-gefe, ban juya ba ko sau ɗaya. Da safe, kafin in gama shan kunu, wani ya iso da jaki, wai an yi baƙi a Konni. Ni na taya shi ɗaurewa.