Almakashin Malam Edita

An buga rubutuna a mujalla, kuma mutumin da ya buga shi ya rasu! Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ku gafarce ni, ko sallama ban yi ba. Assalamu alaikum. Yau kwana biyar ke nan ban san wanne zan fara faɗa wa mutane ba. In na fara da rasuwar, sai a ga fuskata cike da fara'a. In na fara da bugun, sai murya ta ƙi fita. Maƙwabcina mai gyaran rediyo har ya tambayi 'yata ko lafiyata ƙalau.

Malam Edita, ka rasu ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, bayan la'asar, a gadon asibiti. Ni ban ji ba sai ranar Alhamis. Ina shago aka kawo mini ambulan daga gidan waya. Na buɗe, na ga mujallarka. A shafi na sha bakwai sai ga sunana da na mahaifina, da manyan baƙaƙe. Na miƙe da tsalle, ni tsoho mai shekara sittin da bakwai, har na ture kwanon maɓallai. Na karanta shafi biyu a tsaye. Zan juya na uku sai wata 'yar takarda ta faɗo daga ciki. Sanarwar rasuwarka ce.

Ba mu taɓa haɗuwa ba. Ban san tsawonka ba, ni da aikina ke nan, sanin tsawon mutane. Tela ne ni. Sai da na kai shekara hamsin da biyar na shiga makarantar yamma, na zauna a bencin da gwiwata ba ta shiga ƙarƙashin teburinsa. Malaminmu yakan kawo mana tsofaffin kwafin mujallarka mu koyi karatu. Bayan shekara uku na ce ni ma zan gwada. Na rubuta labarin wani matuƙin jirgin ruwa da guguwa ta jefa tsibiri, alhali ko teku ban taɓa gani ba. Shafi goma sha biyu, da hannuna. Na aika.

Bayan mako uku labarin ya dawo. A shafi na shida akwai rami, an yanke da almakashi, girmansa kamar aljihun riga. A gefe ka rubuta da fensir: "Malam Tela, labarin bai yi ba. Na riƙe layi biyar. Ka sake turowa."

Na sake turowa. Ya dawo da rami. Shekara tara muna haka, labari ashirin da uku, rami ashirin da uku. Kuskurena shi ne ban san ana ajiye kwafi ba. A shago ba a ɗinka riga biyu don a ajiye ɗaya. Saboda haka ban taɓa sanin abin da ka ɗauke ba. Sai in karanta layin da ke saman ramin, in karanta na ƙasa, in yi ta tunani, abin ya ƙi zuwa.

Jikata, wadda nake tsokana da Amarya, malamar makaranta ce yanzu. Duk ranar da ambulan ya zo sai ta ɗaga takardar, ta leƙo ni ta ramin da ido ɗaya, ta ce, "Angona, ɓeran mujalla ya sake kawo maka ziyara? Ni fa na gaji da miji mai rubutu a huje. In ba a buga ka ba bana, ka ba ni takardata." Ni kuma in ce mata ai sai an samu shafi marar rami tukuna a rubuta takardar. Mu yi dariya. Amma in ta tafi, abin yakan zauna mini a ƙirji.

Ba ramin kaɗai nake tunawa ba. Ba ka taɓa yi mini dariya kan kuskuren rubutu ba. Sai ka sake rubuta kalmar daidai a gefe, ƙarama, kamar mai raɗa wa mutum cewa maɓallinsa a buɗe yake. Da na gaya maka an yi mini aikin ido, wasiƙarka ta gaba ta zo da baƙaƙe manya-manya, layi shida a shafi guda, kuma haka ka ci gaba har shekara. Da uwar 'ya'yana ta rasu, na rubuto maka cikin ruɗewa, rubutun duk a karkace. Ka amsa da shafi biyu na addu'a da lallashi, ba gyara ko ɗaya. Na ji daga baya cewa mu fi ɗari muke rubuto maka, kowa kuma da hannunka kake ba shi amsa.

Duk da haka na yi maka abin da ya hana ni sukuni. Wata biyu da suka wuce, da labari na ashirin da uku ya dawo, raina ya ɓaci. Na rubuto maka cewa shekara arba'in ina yanka yadin mutane, ban taɓa riƙe ƙyallen kowa ba da izininsa ba. Na ce ka dawo mini da ƙyallayena. Na ce kana wasa da furfurata. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan maimaita ba. Sai shiru. Karo na farko a shekara tara, ba amsa. Na ce shi ke nan, na ɓata wa mutumin kirki rai.

Shafi biyun da na karanta ranar Alhamis sun ƙara ɗaure mini kai. Ba matuƙin jirgi, ba tsibiri. Ka sa masa suna "Shagon Tela". Ƙyallayena ne, duk, an jera su bi da bi. Ashe duk inda na manta da labarin na kauce zuwa shagona, nan kake yankewa. Yadda ƙarar keken ɗinki ke canzawa in ana ruwa a kan kwanon rufi. Yadda nakan gane mutum yana cikin damuwa in na auna kafaɗarsa na ga ta sauka da rabin inci. Ranar da na fara rubuta awon mutum da lamba a littafi, na daina ƙulla kulli a igiya. Yadda marigayiya matata take zura mini zare a allura goma kowace safiya, ta soke su a labule. Ni ne na rubuta, na gane hannuna. Amma ban taɓa rubuta wannan abu ba.

Shafi na uku kuwa na kasa juya shi. Na ce ba zan ƙarasa karanta kyautar mutumin da na zaga ba, sai na san ko zagin ya isa gare shi.

Ranar Asabar na shiga mota na nemi ofishinka. Ɗaki ɗaya ne a hawa na biyu, saman wani shagon magani. Tebur, kujera mai ƙafa ɗaya a ɗaure da waya, durowa cike da fayil. Almakashin na nan a kan tebur, ɗaure da igiya don kada a ara. Na ɗauka na gwada. Dakusasshe ne, Malam Edita. Da ka faɗa mini, da na wasa maka shi.

Sakatariyarka, dattijuwa mai tabarau, ta dube ni ta ce, "Baba, kai ne Malam Tela." Na ce yaya aka yi ta sani. Ta ce igiyar awo na rataye a wuyana. Da igiyar na yi tafiyar duka ban sani ba.

Na tambaye ta, ina jin kunya, ko ka karanta wasiƙata ta ƙarshe. Ta jawo fayil, ta miƙo mini wasiƙar. A ƙasanta akwai rami.

Ta ce a gadon asibiti ka yanke shi, da almakashin da aka aro wurin ma'aikaciyar jinya. Ta buɗe mini shafi na uku. Ga yadda rubutun ya ƙare: "Ban iya ƙirƙirar labari ba, na yarda. Abin da na sani shi ne keke, da zare, da matar da ta yi shekara talatin tana zura mini allura. In wannan ba abin bugawa ba ne, to na ajiye alƙalami." A gefen ramin kuma, da fensir, ka rubuta: "Ya cika. Wannan nake jira."

Ta nuna mini wasiƙar masu maɗaba'a, da suka ce mujallar ta yi yawa da shafi uku, a cire sabon marubucin. Sai ka cire sharhinka na edita, wanda ba ka taɓa fashin sa ba. Mujallarka ta ƙarshe ta fita babu kalmarka ko ɗaya.

Na ce mata, "To 'yar'uwa, rubutun nan nawa ne ko nasa?" Ta ce ita ta buga shi da keken rubutu, ko wasali ɗaya ba ka ƙara ba, gam kawai ka sa. Har yanzu ban gane ba. Yadin nawa ne, amma ɗinkin naka. Amarya ta ce in daina wahalar da kaina, ta fasa neman takardarta, ta zauna. Tana faɗa tana share ido.

Ka yafe mini, Malam Edita. Ina zaton ka riga ka yafe, domin mai fushi ba ya neman abin kirki a cikin zagi. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka. Yadda ka riƙa tsintar alherin mutane kana barin kuskurensu, Allah Ya karɓi naka alherin, Ya shafe sauran. Ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka, da sakatariyarka, da duk mu da muke rubuto maka, ina miƙa ta'aziyyata. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa in tamu ta zo mu cika da imani.

Mujallar tana shago. Na buɗe ta a shafi na sha bakwai, na sa a gilashi sama da keke. Takardun nan ashirin da huɗu masu rami, har da wasiƙar da sakatariyarka ta ba ni, na jera su a igiya, inda nake rataye riguna. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya zo ya gani. Ku zo da iyalanku. In kun tarar ina dariya ko ina kuka, ku dai shigo. Ku yi masa addu'a tukuna, sannan ku leƙa ta ramin.