Moɗa Mai Jan Tsumma

Mun tashi da asuba daga Gusau, ni da wata 'yar zumuntarmu da za ta sauka a Talatar Mafara. Ku matan zumunta kun dame ni da tambaya tun da na dawo. To ku zauna ku ji, kuma kada wadda ta katse ni.

Wani mai fataucin fatu ne ya kawo mini saƙo da baki, cewa yayata tana kwance a Sakkwato, ɓarin jikinta ya shanye. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Rabona da ita tun ranar da kuturta ta kai ni asibitin mishan, inda na warke, na bar yatsu biyu, na kuma karɓi Almasihu. Kuturtar dai, yayata ba ta ga laifina a kai ba. Ɗayan ne ya sa ta aiko cewa ba ta da ƙanwa. Abu ɗaya na tafi nema: ta karɓi ko da ruwa ne daga hannuna kafin ƙasa ta rufe ɗayanmu.

Motar mai bodin katako ce, aka jibge mu a kan buhunan gishiri. Kuɗin mota ya hau, wai don mulkin kai ya matso. Har yau ban gane abin da ya haɗa mulkin kai da aljihun direba ba. Ƙarshen damina ne, hanya duk ta kwaɓe, maza suna sauka turi, mu mata muna ba su umarni daga sama. A Mafara na sayi fura. Dunƙulen kwabo da a da yake ƙosar da ƙato, yanzu bai wuce ƙwan zabo ba. Mai furar ta dubi hannuna ta ce in ajiye kwabon a ƙasa. Na ajiye. Na saba.

Da la'asar muka shiga Sakkwato. An shafe duwatsun bakin titi da farar ƙasa, ga tutoci kore da fari, ga 'yan makaranta ana koya musu maci suna taka ƙafar juna. Amma farar ƙasar ba ta kai Unguwar Rogo ba. Can kwatar da na sani ce na tarar, sai dai ta ƙara faɗi.

Ɗan yayata mahauci ne. Ya tare ni a zaure, rigarsa duk jini, ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata. Sannan ya ce, “Inna, ba mu hana ki shiga. Amma ba wa'azi cikin gidanga. Kuma ga moɗarki.” Ya miƙo wata tsohuwar moɗa da aka ɗaura wa jan tsumma a mariƙi, don kada wani ya yi kuskure ya sha da ita. Na ce masa wa'azi ba sana'ata ba ce, ko a coci ba a ba ni.

Hancina ya riga idona ganin Yaya. Ban zargi matar ɗanta ba, tana cikin jego, ba ta iya ɗaga tulu balle mutum. Maƙwabta kuwa suna leƙowa su ce Allah ya sawwaƙe, su koma da hannu a hanci. Macen da na sani tana ɗaga buhun gero ita kaɗai, ga ta a kan tabarma kamar tsumma, bayanta duk ya yi gyambo don babu mai juya ta. Na ce, “Yaya, sannu.” Ta dube ni, ta gane ni sarai, ta mai da fuskarta bango.

Na ɗaura ɗamara. Abin da aka yi mini a asibiti lokacin da ni ma ake toshe hanci a kaina, shi na yi mata. Ruwan ɗumi da gishiri a gyambon, a juya ta dama, a juya ta hagu, a fitar da tabarma rana, a wanke zannuwan da ba mai son taɓawa. Jikinta ta bar mini don ba ta da yadda za ta yi. Bakinta ne ta hana ni. In na kawo kunu sai ta datse haƙora, har sai surukarta ta rarrafo ta ba ta.

Na lura duk lokacin da ladan ya kira salla, leɓenta yana motsi, hawaye yana bin kunnenta. An daɗe ba a yi mata alwala ba. Ni a gidan Musulmi na tashi, ban manta yadda ake yi ba. Na ɗauko butarta, na wanke mata hannu da fuska, na shafa kai, na wanke ƙafa, na juya ta gabas, na fita na ba ta wuri. Kada ku zare mini ido. Ubangijinmu da ya durƙusa ya wanke ƙafafun mutanensa bai tsaya tambayar inda za su taka da su ba.

Haka muka yi ta yi, ba magana. Wata rana da azahar zafi ya yi yawa, surukar tana bayan ɗaki, na zauna bakin ƙofa ina shan ruwa. Sai na ji murya kamar ta kaza mai mura: “Auta.” Tun muna yara haka take kirana. Na miƙe zan ɗauko moɗar gida. Ta ce, “A'a. Wagga ta hannunki.” Na tallafo kanta, ta sha, rabi a baki rabi a wuya. Da ta gama ta ce, “Har yau ba ki iya ɗaurin kallabi ba.” Iyakar abin da ta faɗa mini ke nan. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban tambaya ba.

Ba ta daɗe ba bayan wannan. Da na ga numfashinta ya canza, na aika mahauta a kira ɗanta ya zo ya laƙƙana mata kalmar shahada, don wannan ba nawa ba ne. Da aka zo wanka, tsofaffin unguwa suka ce ba zan shiga ba. Ban yi musu ba, addininsu ne. Na ɗauki guga na tafi rijiya. Duk ruwan da aka wanke Yaya da shi ni na jawo shi, ina ajiyewa a bakin ƙofa, wani hannu yana fitowa ta labule yana ɗauka.

Bayan sadakar bakwai na yi sallama. Surukar ta biyo ni zaure da kilishi a ƙunshe, da moɗar nan. Ta ce, “Inna, ki tafi da ita.” Ko kyauta ce, ko don babu mai sha da ita a gidan, ban sani ba. Wataƙila ita ma ba ta sani ba.

A hanyar dawowa aka yi bikin mulkin kan, muna kafe cikin taɓo bayan Mafara, muna jin ganguna daga nesa. Na iso gida ƙafafuna a kumbure.

Kun tambaye ni ko mutum nawa na jawo wa Ubangiji a Sakkwato. Ko ɗaya. Na koyi dai cewa inda aka rufe wa bakinka ƙofa, ba a cika rufe wa hannunka ba, ko da yatsu uku ne. Wadda take da mara lafiya a unguwarsu, ta rage waƙa ta je ta duba bayansa. Moɗar kuwa tana rataye a ɗakina, da ita nake sha, kuma ban kwance tsumman ba.