Ragon Gwaggo da Hoton Hannu Biyu

Matso kusa ka ji ƙaryar da na yi wa Gwaggo, ƙanwar babanmu, wadda ta ƙarasa kwanakinta a gidana a Roni.

A tasowarmu, godiya da ƙafa ake yin ta. In an yi maka alheri yau, gobe da sassafe sai ka taka har gida ka durƙusa: "Mun gode da jiya, Allah ya saka, Allah ya jiƙan mahaifa." Sannan ka bi dangi kana cewa "ku taya ni godiya", su ma su zo, har mai kyautar ya gaji da cewa ba komai.

Shekara biyu Gwaggo tana kiwon wani rago. Idonta ya riga ya tafi, da lalube take zuba masa dusa da harawa. Da aka yi wa jikanta haihuwa a Kazaure, wanda ta goya tun yana tsumma, ta ce a ɗaura ragon a babur a kai masa na suna.

Washegari ta sa na share ƙofar ɗaki, na shimfiɗa sabuwar tabarma, na dama fura. Duk babur ɗin da ya tsaya a waje, sai ta gyara lulluɓi. Haka muka yi kwana uku.

Rana ta huɗu wayata ta yi ƙara. Jikan ne. Hoton hannu biyu a haɗe ya turo, ko harafi babu.

"Me ya ce?" in ji Gwaggo.

Ni da ba karatun kirki gare ni ba, na ƙura wa wayar ido kamar mai karantawa. "Ya ce Allah ya saka da Aljanna, Gwaggo. Allah ya jiƙan mahaifa. Ya ce kin rufa masa asiri."

Can ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ai bakinki ne. Naɗe tabarmar."

Ba ta ƙara ambatar ragon ba. Kafin a yanke gero ta rasu. Jikan ya zo gaisuwa, ya durƙusa a kan tabarmar nan dai, yana ta zuba mata addu'a, har da kuka.

Har yau ban goge hoton ba. Kai fa, da wayar a hannunka take, me za ka ce mata ya ce?