Jar Fatar da Isuhu Ya Bari a Motocin Riyad

Shekara bakwai ke nan da muka kai Isuhu makwancinsa a nan Riyad, amma har yau idan danja ta tsayar da ni a bayan wata motar tsere, fitilunta na baya nake zuba wa ido. Idan suka kama ja ɗin nan mai kwanciya, ba rawa ba ƙiftawa, sai zuciyata ta ce wataƙila hannunsa ya taɓa bi ta wurin.

Isuhu mutumin Damagaram ne, ni kuwa Bakano, don haka tun ranar da muka haɗu a masallacin Malaz ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsokana ba. Shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce da kakanninsa sun iya yaƙi da bai zo ƙasar Larabawa yana shaƙar hayaƙin salansa ba. Ni direba ne a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, mota na sani daga sitiyari zuwa birki. Shi kuwa rewaya ne, mai gyaran wutar mota, a wata warsha, wato gareji, da ke unguwar Sina'iyya, inda 'ya'yan masu hali ke kawo tsofaffin motocin gudu a kwance su kakaf, a sake musu inji, a mayar da batir cikin but, a fesa musu fentin da mutum zai ga haƙoransa a ciki.

Irin waɗannan motoci suna da wata cuta. Sai a gama komai, mota ta fito kamar amarya, amma ka taka birki fitilar cikin gida ta kama, ka kunna sigina ham ya yi ɗan nishi. Isuhu yakan ce motar mafarki take yi. Ya taɓa zaunar da ni ya yi mini bayani, ina shan shayinsa ina gyangyaɗi: wutar da ta fita daga batir dole ta koma masa, kuma ta jikin ƙarfen mota take komawa. Wayar da ke haɗa batir da ƙarfen ita Larabawa ke kira ardi. Sabon fenti kuwa toshe hanyar yake yi, sai wutar ta shiga yawo tana leƙa kowace fitila ko za ta samu mafita.

Maganinsa shi ne abin da ke haɗa shi faɗa da masu motoci. Yana da wani tsohon cokalin shayi da ya wasa wa baki. Sai ya nemi wuri a jikin shasi ya kankare fentin da shi, har farin ƙarfe ya fito, sannan ya ɗaure wayar tagulla mai kauri a kai. Ina wurin ranar da wani matashi, Abu Fahad, ya same shi yana kankare masa baƙar motar da aka fesa wa fenti a makon. Yaron nan ya dafe kai yana ta "haram alaik, ya Yusuf", Isuhu ko ɗagowa bai yi ba.

Sai kuma abin da ba rewayan da ke yi in ba shi ba. Gidansu dukawa ne, ya tashi cikin warin jima da ɗinkin kube. Duk inda wayar za ta gogi ƙarfe, ba ya yarda da roba. Jar fatar akuya yake sa wa, wadda ake aiko masa daga gida ta hannun alhazai, ya ɗinke ta da basilla irin ɗinkin da ubansa ya koya masa. Na sha yi masa dariya cewa laya yake ɗaura wa motocin mutane. Yakan ce roba ba ta san zafin Riyad ba, akuyar Damagaram kuwa a cikinsa aka haife ta.

Ciwon ƙirji ya kwantar da shi, bai yi mako ba. Ya bar matarsa Rabi da 'yarsu ɗaya, Hauwa, wadda a nan aka haife ta, Larabci ya fi zama a bakinta. Masu karatu a gida ƙila ba su sani ba: a nan ba a rubuta suna a kabari, dutse ne kawai a kai da ƙafa, kuma ba al'ada ba ce mata su shiga maƙabarta. Ni da na sa hannu aka binne shi, da na koma bayan shekara biyu na kasa gane wurin. Layuka sun ƙaru, duwatsun duk iri ɗaya. Na tsaya na yi wa kowa addu'a na fito.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Riyad ta yau. Mata na tuƙi tun bara, har Hauwa ta fara koyo. Yaran warsha yanzu kwamfuta suke jona wa mota ta faɗi abin da ke damunta. Ina jin zai tsaya ya saurari kwamfutar cikin ladabi har ta gama, sannan ya laluba aljihu ya fito da cokalinsa.

A farkon bana Rabi ta ce ta gaji da aikin gidan da take yi a Badi'a, za ta yi huruj, wato fita ta ƙarshe, su koma Damagaram. Hauwa ta ƙi cin abinci. Da na je lallashinta, ta ce, "Baba Lawal, ba tafiyar nake ƙi ba, wallahi. Amma Abbana yana garin nan, ni kuma ban san ko wuri ɗaya da zan tsaya in ce nan ne shi ba. Kef, ta yaya zan tafi haka?"

Kabari ya ɓace mini, warshar ta koma wurin sayar da taya. Sai na tuna da jar fata. Na shiga bin wuraren da matasa ke taruwa da motocinsu a bayan gari ranar Juma'a da la'asar, dattijo da ni ina roƙon yara su buɗe mini bonet da but. Wasu suka ɗauka dillali ne, wasu suka ɗauka na taɓu. Na samu motocin da ya yi wa aiki, amma an sake musu wayoyi, roba ce baƙa ko'ina. Lokacin tafiya yana matsowa, har na fara shirya ƙaryar da zan yi wa yarinyar, sai wani ya ce in nemi Abu Fahad, bai taɓa sayar da baƙar motarsa ba.

Na ɗauki Rabi da Hauwa muka je wurinsa. Ya yi ƙiba, ya tara gemu. Ya fito da motar ƙofar gidansa, rana tana shirin faɗuwa, hasken nan mai ruwan zuma ya kwanta a kan fentin. Ya ɗaga but, ya janye kafet. Ga ta nan kusa da batir: wayar tagulla, da jar fata ta yi duhu, da ɗan da'irar da cokali ya kankare. Hauwa ta durƙusa ta ɗora yatsa a kai. Rabi ta juya mana baya tana gyara mayafi.

Abu Fahad ya ce a kawo sifana ya kwance mata wayar ta tafi da ita, kyauta. Hauwa ta girgiza kai.

"La, ya ammi," ta ce, wato a'a, kawu. "Aiki take yi, a bar ta." Sai ta dube ni. "Baba Lawal, ɗinkin ya warware a nan gefe. Basillarsa tana jakar Umma."

Ashe Rabi ba ta taɓa rabuwa da ita ba. Muka tsaya mu uku muna kallon yarinyar tana ɗinki a cikin but ɗin motar tsere, tana bin ramukan da ubanta ya huda, ɗaya bayan ɗaya. Ɗinkinta bai kai nasa kyau ba, ya ɗan karkace. Da ta ƙulle zaren ta miƙe ta karkaɗe abayarta, ta ce wa uwarta da Hausa tsantsa, "To, mu je gida."

Suna Damagaram yanzu. Isuhu bai bar gida a Riyad ba, bai bar kabarin da za a nuna ba, sunansa ma Yusuf suka mayar da shi. Abin da na san ya rage shi ne 'yar fata guda kamar tafin hannu mai ɗinkin mutum biyu, a ƙarƙashin kafet, inda ba mai gani. Ina kewarsa ƙwarai, bawan nan nawa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa duk inda yake cikin layukan nan.

Kwanan baya na hango baƙar motar a hanyar Malaz, ta taka birki a gabana, fitilun suka kama ja tsaf. Kwanar gidana ta zo ta wuce, ni kuwa ina biye da ita.