Kwamfutar da Na Hana a Saka Cikin Gado

Cikin wannan watan maigidana, Malam Bashiru, ya cika shekara bakwai da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Kowace shekara sai in ɗauki biro don in rubuta wannan labari in ajiye. Bana dai na daure.

Malamin lissafi ne a wata sakandare a nan Kaura Namoda, amma abin da ya fi ba wa zuciyarsa wata manhajar waya ce da ya haɗa, mai tattara sunayen cututtukan gero da dawa da dabbobi da Hausarmu ta nan, da yadda ake gane su. Kyauta ce, kuma a buɗe take, duk mai ilimin abin yana iya leƙa cikinta ya kawo gyara. Sai dai kowane gyara ta hannunsa yake bi. Wani ya turo ta imel daga Zurmi, wani daga Shinkafi, shi kuma bayan la'asar ya duba ya shigar a uwar manhajar da ke cikin kwamfutarsa. Uwar nan guda ɗaya ce tak. Shi ya sa wayarsa ba ta hutawa, zaurenmu ma haka.

Da ciwo ya kwantar da shi, gyare-gyare suka taru babu mai shigarwa. Ya yi makonni jingine da matashin kai yana wani aiki da ya kira ƙaura. Na ce, "Malam, ina kuma za mu?" Ya yi dariya ya ce, "Ba mu za mu tashi ba, Maman Asma'u, aikin ne." Ya fara yi mini bayani, ni kuwa idona na kan kunun da ya ƙi sha. Na ce Allah ya taimaka, na ɗauke kwano. Ban saurara ba.

Bayan rasuwarsa, wansa Yaya Haruna ya zo daga Banga da malamai don rabon gado. Da aka zo kan kwamfutar sai na ƙi fito da ita. Abin da na sani kawai, in aka goge ta aka ba wani, aikin Malam da na mutane da yawa ya mutu. Daga bayan labule na ce, "Yaya, wagga ba tamu ba ce, amanar jama'a ce." Ya ce, "Haƙƙin marayu ne. Ko kin fi malamai sani?" Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Ya tashi bai ci abincin da na aika ba.

Na kulle ta a akwati har na fita takaba. Sannan ƙanena ya raka ni Shinkafi wurin Malam Sanusi, malamin gona, wanda ya fi kowa turo gyara. Na kwance zanen da na naɗe ta, na tura gabansa, na ce ga amana na sauke. Ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Hajiya, kin sha hanya. Ai aikin nan duk muna da shi."

Ashe ƙaurar ke nan. Malam ya mayar da aikin kan wani tsari da kowane mai gyara ke riƙe da cikakken kwafi a tasa kwamfutar, har da tarihin duk abin da aka taɓa canzawa tun ranar farko. Kowa ya yi gyara a nasa, 'yan'uwa su duba, in ya yi kyau su ɗauka. Babu sauran uwa. Ko mako ɗaya aikin bai tsaya ba bayan rasuwarsa.

A motar dawowa na rungume kwamfutar ina hawaye, kuma ba zan ce na murna ba ne, Allah ya yafe mini. A hanyar nan na gane dalilin da wayar Malam ta yi shiru. Na ɗauka kunyar mai takaba masu gyaran suke ji. Ashe ba su da sauran buƙata a gidanmu. Cikin makon da na dawo na kai wa Yaya kwamfutar har Banga na ba shi haƙuri. Ya karɓa, ya ce ya wuce. Muna gaisawa, amma ba kamar da ba, kuma ni na jawo.

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da ya ga yau. Hanyar Zurmi da yake bi babu fargaba yanzu sai da addu'a. Wasu daga cikin masu gyaran sun bar garuruwansu, amma kowa ya tafi da kwafinsa, aikin bai ɓata ba. Na san zai ce, "Kin gani ko?" Gaskiyarsa. Sadakar da ba ta rataya a wuyan mutum ɗaya ba ita ce mai gudana, kuma ina yi masa fatan ladanta. Kewar kuwa tawa ce, ba ta rabuwa.

'Yarmu Asma'u takan buɗe mini tarihin aikin a waya. Watan jiya wani mutumin garin Dauran, wanda bai taɓa sanin Malam ba, ya gyara kuskuren da Malam ya yi da hannunsa a sunan wani ciwon tumaki. Na sa ta rubuta masa cewa matar Malam ta gode, in ya shigo Kaura ya biyo ya ci tuwo. Ya amsa da addu'a mai kyau. Bai zo ba. Ba shi da dalilin zuwa, kuma haka Malam ya so.