Wayar da Yaya Lesia Ta Zare

Yayata Lesia ta shekara talatin tana girki a zauren wasan ƙanƙara na garinmu, a Saskatchewan ta ƙasar Kanada, ko jita ba ta taɓa riƙewa ba. Amma in za a ba da tarihin Agwagin Ƙanƙara, makaɗan nan da matasanmu suka haddace waƙoƙinsu, dole sunanta ya fito!

Zuwansu na farko samari huɗu ne a wata akwalar mota, ba wanda ya san su. Watan Janairu, sanyi kamar ya cire hanci. Kamar kowa, suka jona injin motarsu da wuta don kada ya daskare, suka zuro wayar ta tagar kicin. Washegari wani mai kamfanin faifai zai saurare su a birnin Winnipeg. Lesia kuwa ta rasa inda za ta jona tukunyar dafa pirogi, wato curin fulawa mai dankali a ciki, sai ta zare tasu. Wai minti goma. Ta manta!

Da safe mota ta ce ba ta san zance ba. Kafin a tashe ta dusar ƙanƙara ta rufe hanya, kwana uku cur. Mai kamfani ya kama gabansa. Lesia ta ɓoye laifinta, sai ɗura musu abinci take har suna roƙon ta bari.

Da kansu suka riƙa buga faifansu, har tara. Sun yi suna, amma ba su taɓa rabuwa da tsohuwar mota ba. Duk sanda rediyo ya sa waƙarsu sai Lesia ta ce mini, "Ni na hana yaran nan arziki." Abin ya ci ta, har ni haushi yake ba ni.

Bayan shekara ashirin da biyar suka ce zaurenmu za su yi kiɗan bankwana, ranar Lahadi da rana. Kai, garin ya cika maƙil! Lesia ta ce yau za ta faɗa, ko su tsane ta. Ta tare Gord, mawaƙinsu, a ƙofar kicin.

"Ɗan nan, ni na zare wayar motarku."

Gord ya fashe da dariya har furfurar gemunsa na rawa. "Haba Anti, ai mun gan ki ta taga! Lokacin ni da mai ganga ba ma ga maciji, daga Winnipeg kowa zai kama hanyarsa. A kicin ɗinki muka shirya. Da motar ta tashi, da ko faifai ɗaya babu."

Lesia ta zauna daɓas a kan buhun dankali, ta yi kuka mai isarta. Sannan ta miƙe ta zabga masa tsumma a kafaɗa.

"Ɗan banza! Shekara ashirin da biyar, bakinka ciwo yake da ba ka faɗa mini ba?"